Sharar Rumbu, Daren Laraba a Gusau

Sun ce kafin albashin wata ya fita
in rage wa babbar na'ura kaya.
Takarda ɗaya, sunaye goma sha bakwai,
darakta ya sa hannu da jan biro.

Ɗakin nan kaɗai ke da sanyi a sakatariya.
Janareto na tari a bayan taga.
Na ture kofin shayi nesa da wayoyi,
na buɗe kundin gyare-gyare.

Ga manhajar alawus ɗin keke.
Wa ke bin gwamnati kuɗin faci yanzu?
Na goge.
Ga wadda ke magana da injin buga takarda,
injin da 'yan gwangwan suka auna a sikeli
tun ina aji uku,
ita ko tana nan, kullum asuba
tana sallama a ƙofar da babu gida.
Na goge.

Kafin kowace ta tafi sai an tambaye ni:
Kin tabbata?
Ko Inna ba ta taɓa tsare ni haka ba.

A gefen kowane layi haruffa biyu, L.M.
Labbo Maradun. Ban tarar da shi ba.
An ce da alli yake fara lissafi a bango
kafin ya bar yatsa ya taɓa maɓalli.
Yau yana noman rani a Bakalori,
ido ɗaya ya yi hazo.

Ta ƙarshe 'yar mitsitsiya ce, layi tara,
aikinta tara kwabo har ya cika naira.
Kwabo! Na yi dariya ni kaɗai.
Na danna.

Na'ura ta ƙi.
Ta ce akwai mai jingine da ita.

Na bi sawu kamar mai cigiyar akuya,
kundi ya miƙa ni ga kundi
har ƙarfe biyu ta gota,
sai ga igiyar ɗaure a turken fansho.
Tsofaffi dubu huɗu da 'yan kai
ta wannan ƙofa kuɗinsu ke bi.
Na duba. Har da nasa.

Hakilu maigadi ya ƙwanƙwasa gilashi:
"Malama, mai ya kusa ƙarewa."

Na jawo takardar darakta na rubuta:
sha shida sun tafi,
ɗaya tana bakin aiki.
A kundi, ƙarƙashin L.M.,
na sa haruffana biyu da kwanan wata.
Shayin ya huce. Na shanye shi haka.