Mai Awon Ruwa a Mirriya

Kowace safiya, kafin tandar mai waina ta yi zafi,
nakan zaga bayan lakwal inda aka kafa gwangwanin,
in tsiyaye abin da sama ta bari cikin kwalbar awo,
in rubuta. Ko babu, in rubuta babu.
Aikin da Barmo, mahaifina, ya bar mini ke nan,
da littattafai bakwai da gara ta ci wa gefe.

A nasa littafin damina baƙuwa ce mai ladabi:
ta yi sallama, ta zauna, ta kwana biyu,
goma yau, sha biyar jibi,
yayyafi na bin yayyafi kamar awaki a burtali.
A nawa kuwa, sifiri ashirin da uku a jere
kamar ƙwan zabi,
sannan dare ɗaya, tamanin da huɗu.
Jimilla ba ta ragu ba, in ji lissafi.
Je ka faɗa wa Tasalla haka,
wadda katanga ta kwanta wa a kan rumbu,
wadda ta yi shuka sau uku bana
har iri ya ƙare, ta auno na tuwo ta binne.

Wata ɗaliba daga Damagaram, Zuwaira,
ta zo ta ɗauki hoton shafukan ɗaya-ɗaya.
Ta ce iska in ta ɗumama, ƙishirwarta ƙaruwa take:
ta tsotse tabki, ta lashe raɓa, ta riƙe,
ta riƙe kamar ɗan kasuwa mai jiran tsada,
ran da ta saki kuwa, buhun duka take farkewa.
Na ce, wa ya ɗumama ta?
Ta ce, hayaƙi.
Na waiwayi murhun gidanmu.
Ta yi dariya: ba wannan ba, Baba,
naka tarin sauro ne kusa da na masu masana'antu.
Sai dai hayaƙi ba ya tsayawa a duwan,
ba mai tambayarsa takarda.

Bara wasu suka zo da igiyar awo
suka rungumi gawon gonata, suka ba shi lamba.
Wai yana haɗiye numfashin wani kamfani a ƙetare,
wai za a biya ni ladan haɗiya.
Gawon da na bari ya tofo daga kututture,
ba don kowa ba, don inuwa, don tumaki su ci 'ya'yansa.
Na dangwala yatsa.
Kuɗin suka taso daga nesa,
suka yada zango a babban birni suka sha ruwa,
suka tsaya wani ofis suka yi la'asar.
Abin da ya iso hannuna: jika uku da dala arba'in.
Na kai kasuwa, na dawo da tiya uku,
mai awo ma ya shafe mini tozon.

Ɗana Zabeiru yana can Garin Malam
yana tura kurar ruwa tsakanin duwatsun birni.
In famfo ya ɗauke, jarka ta yi daraja,
ya aiko mana da cefane.
Ni ina roƙon hadari, shi yana cin fari,
kuma tukunya ɗaya muke wa aiki.
Ban san addu'ar wa zan ce wa amin da ƙarfi ba.

Rediyo ta ce an sake zama a wata ƙasa,
an ja kan rabin digiri har asuba,
an tashi za a sake zama baɗi.
Ni ma na tashi, na feƙe fensir.

Yau da safe: uku da rabi,
da ƙudan zuma ɗaya da ya faɗa neman sha ya mutu.
Na rubuta ruwan.
Ƙudan, babu gurbinsa a shafi.