Harafi Ɗaya

Da sassafe na ɗebi jini a bargar filin folo,
kwalba tara, kowacce da sunan doki a jikinta.
Ta goma na ɗebo ta a bayan katanga.
Baba Barmo ya ce, "Rubuta Aura kawai,
ita ba a yanka mata rago ba."
Jaka ce mai ɗaukar yashi daga Dilimi,
bayanta ya yi kanta kamar dunduniyar manomi.
Na soka allura, ko kunne ba ta kaɗa ba.
Akawal ɗin Alhaji kuwa
sai da ƙarti uku suka riƙe shi.

Kin tuna daminar bara, Kachollom,
da 'yan ƙwarin magariba suka taso daga ƙasa mai laima?
Dawaki huɗu suka faɗi cikin mako guda,
kumfa a hanci, saman ido a kumbure,
masu barga suna kuka ba sa ɓoyewa.
Ƙwarin da suka cije su, su suka ciji Aura.
Ta yi kwana biyu tana ƙin dusa,
ran na uku ta ɓarke da kuka, ta tashi unguwa.

Abin da ke sa ni hawa motar Bukuru ke nan,
in sauka, in hau ta Vom,
akwatin ƙanƙara a cinyata kamar jinjiri.

A cikin jini akwai masu gadi.
Ba su da baki, amma suna aika wa juna saƙo:
baƙo ya shigo, ku taso, ga ƙofar da ya bi.
Wani jikin raɗa yake yi, har ɓarawo ya gama kwasa.
Wani kuma ihu yake zubawa
har masu kawo ɗauki su rushe gidan da suka zo ceto.
Mu 'yan Jos ba sai an koya mana ba,
mun san abin da ihu ɗaya ke yi wa gari,
mun kuma san kuɗin shiru.

Yadda za a yi kiran, rubuce yake tun daga ciki,
da haruffa huɗu kacal, ana ta jujjuya su.
Dare ya yi, janareta na tari,
na jera layin doki a sama, na jaka a ƙasa.
Ɗari, bakinsu ɗaya.
Ɗari biyu, ɗari uku, kamar 'yan ɗaki ɗaya,
har barci ya fara sata ta.
Sai a gurbi na ɗari huɗu da sha biyu
doki ya ce wannan, jaka ta ce a'a.
Na duba dawakin tara su ma,
biyu sun saɓa wa bakwai.
Ashe ko cikin barga ɗaya
ba kowa ke kiran taimako da murya iri ɗaya ba.

Na miƙe har kujera ta faɗi.
Kika ɗago daga kofin shayinki kika ce,
"Zauna, Kyallu. Kwalba goma ba shaida ba ce.
Wataƙila harafin nan ne,
wataƙila shi ɗan kallo ne kawai a wurin."
Na ji haushinki. Gaskiya kika faɗa.

Ran Asabar na same shi a bakin rafi,
yana cika mangala da shebur mai rabin baki.
Ya ce, "'Yar boko, me kika gani a jinin nata?"
Na ce, "Harafi ɗaya, Baba. Ban san ma'anarsa ba tukuna."
Ya yi dariya har hularsa ta karkace.
"Harafi? Ita da ko allo ba ta taɓa riƙewa ba?"

Ya daki mangalar, yashi ya zauna.
Aura ta kama hawan Gangare,
ruwa na ɗiga daga kayanta,
ƙudaje na bin ta,
ita kuwa wutsiya kawai take kaɗawa.