Baki Gaba, Murya Baya

Bayan isha'i, a Aboabo,
ruwa ya ɗauke, kwano na ɗiga,
na gyara wa Inna kujera gaban talabijin,
na ce mata, yau za ki ga Baba.
Kwamfutar da na harhaɗa da hannuna
daga tarkacen kasuwar Kejetiya
tana ƙarƙashin tebur, tana nishi
kamar tsohuwar akuya ta hau tudu.

Na danna. Allo ya yi kore shar,
koren da ko ganyen gwaza bai kai ba.
Ga tarin Baba, ga ƙarar sukundireba,
ga rediyo na shuu a bayansa,
amma fuska babu.
Fusaina ta ce, aljanu ne.
Inna ta ce, rufe mana baki.

"Fara da waya," haka yake cewa
shekara talatin a rumfar gyaran rediyo,
"kafin ka zargi zuciya, duba jijiya."
Na zare wayar hoto, na hure bakinta,
na mayar. Kore.
Na sauya mata rami. Kore.
Na sa silifa, na tsallake kwata,
na aro ta Mumuni mai gidan kallon ƙwallo,
ya ce ta dawo kafin wasan gobe.
Kore dai, kamar an yi rantsuwa.

To, ba jijiya ba ce.
Na buɗe wata manhaja,
ta ce ba ta jin yaren wannan fayil,
baƙo ne, ya sauka tasha ba mai tarba.
Na sayi data ta sidi biyar
don in sauko masa da tafinta.
Sittin. Tamanin. Casa'in da tara,
sai wuta ta tafi.

Unguwa ta yi tsaki baki ɗaya.
Sauro ya karɓi falo.
Carbin Inna kaɗai ke tafiya,
ƙwaya, ƙwaya, ba ya sarƙewa.
Na kwance murfin kwamfuta da hasken tocila:
ƙura ta lulluɓe fanka da bargo,
gizo-gizo ya kama ɗaki bisa katin hoto
bai taɓa biyan haya ba.
Na share da tsohon burushin Baba,
mai gashi a kwance gefe guda
yadda babban yatsansa ya koya masa.

Sha ɗaya saura, wuta ta dawo.
Na shiga saiti, na sauke wa katin kaya;
tsoho ne, an ɗora masa buhun da ba nasa ba.
Na yi bisimilla. Na danna.

Ga shi nan.
Hula a karkace, tabarau ɗaure da zare,
dalma na hayaƙi a bakin ƙarfe.
Sai dai baki na gaba, murya na baya:
leɓe ya motsa, ya rufe,
sakan biyu, sannan magana ta iso,
kamar tsawa bayan walƙiya.

Wannan mai sauƙi ne, na ce,
maɓalli ɗaya, in koro muryar ta cim masa.
Inna ta riƙe mini wuyan hannu.
"Bar shi.
Haka yake. Duk zamanmu,
sai magana ta gama a fuskarsa
kafin ta kai kunnena.
Ran da rumfa ta ƙone, a goshinsa na karanta,
bai ko cire takalmi ba."

Na bar shi.
Muka zauna mu uku, muna koyon jira.
Ya ɗago kai, ya dubi mai ɗaukar hoto,
yaro ɗan shekara sha biyu da hannu ke rawa,
bakinsa ya motsa. Ɗaya. Biyu.
"Inusa, kashe abin nan,
zo ka riƙe mini waya."

Fusaina ta kalle ni.
Wayar Mumuni na hannuna,
ban san sanda na ɗauke ta ba.