Ƙugiyar Kawu Barmo

Shagona yana bayan tashar kwale-kwale a Yelwa,
tsakanin mai cajin waya da mai sayar da ƙanƙara.
Teburi ɗaya, kwamfuta mai tsagaggen murfi,
da firinta mai tari kamar wanda ya kwana cikin ruwa.

Ranar Laraba Nomau ya dawo da katin bikin ƙanwarsa,
guda ɗari uku, ya zube min su a gabana.
Ya ce, karanta.
Na karanta: Muna maraba da baki.
Ya ce, bakin wa?
Mu da muke ta addu'ar Allah ya raba mu da bakin mutane,
ke kuma kin buga masa katin gayyata da ruwan zinari?

Laifina ne.
Haruffan da na zaɓa kyawawa ne, masu jan wutsiya,
amma wanda ya zana su bai taɓa jin an ce ƙ ba.
Duk sanda na danna ta
sai ɗan akwati ya fito, fanko, kamar tagar kango.
Ni kuma na cire lanƙwasar, na ce wa zai kula.

Da dare na sami Kawu Barmo a ƙofar gida
yana gyaran mamari, tocila a haƙora.
Na ce ya ara min ƙugiya ɗaya.
Ya cire tocilar ya dube ni:
ke da ko ƙarfasa ba ki taɓa kamawa ba?
Ya dai ba ni wata tsohuwa, mai tsatsa a wuya.

Na kwantar da ita kan farar takarda,
na ɗauki hotonta, na tura cikin kwamfuta,
na zauna ina bin bayanta da linzami,
ɗigo bayan ɗigo,
har janaretan maƙwabci ya yi shiru, sauro suka karɓi aiki.

Kwana tara.
Ta farko ta yi wa ɗ nauyi,
harafin ya karkace kamar jirgin da aka cika wa buhun albasa.
Ta biyu ta yi ƙanƙanta, in an buga sai ta ɓace.
Ta ɓ kuwa ta ƙi zama, ta dinga leƙen harafin da ke gabanta.
Na goge, na dawo, na goge.
Abin da nake so da wannan sana'a ke nan:
kuskure ba ya barin tabo a allo,
a idona kawai yake bari.

Ranar Juma'a Kawu ya biyo ta shago, yana warin kogi.
Bai yi boko ba, bai san sunan ko harafi ɗaya ba.
Na faɗaɗa masa ƙ har ta cika allon.
Ya matso, ya runtse ido,
ya sa ɗan yatsa mai kaushi a kan gilashi:
wannan ba za ta riƙe komai ba,
bakinta ya buɗe da yawa, ko tarwaɗa sai ta zame.
Na matse ta kamar faɗin gashi.
Ya ce ƙara.
Na ƙara.
Ya ce to.

Katin Nomau na sake bugawa daga aljihuna.
Baƙi suka zo, suka ci, suka tafi,
ba wanda ya ce komai a kan harafi.
Ban ji haushi ba. Kaɗan dai.

Yanzu allon maƙwabcina yana rataye bisa hanya,
shuɗi, da farin rubutu: ƘANƘARA,
ƙugiya biyu cikin kalma ɗaya.
Ina zaune ina kallon masu saukowa daga jirgi
suna ɗaga kai, suna tsayawa, suna laluben aljihu.

Jiya Kawu ya aiko yaro.
Wai in na gama kamun nawa
in mayar masa da abarsa,
ruwa ya fara ja, kuma ƙirgarsa ba ta cika ba.