Tazarar Yatsa Huɗu

A Garwa, bayan kasuwa, inda inuwar darbejiya take ƙarewa,
nan rumfata take, da injin walda mai tari,
da gwangwanin notuna da ba mai sanin lissafinsa sai ni.

Ranar Talata Baffale ya turo nasa.
Ba irin na 'yan haya ba,
babur ne mai ƙirjin bajimi,
akwati biyu a kwankwaso, tanki kamar tulu.
Wai zai bi Figil, ya kwana Marwa,
ya haye gada a Kusuri,
daga Njamena sai Abeshe, in mai ya yarda.

Ƙarfen daga Duwala ya zo, cikin kwali,
baƙi, a lanƙwashe kamar ƙahon bunaji,
da takardar zane wadda ba ta taɓa ganin wannan babur ba.
Hujin hagu ya hau.
Na dama ya ƙi, saura kaurin ƙwayar gero biyu.
Na ce Sajo, miƙo sha huɗu.
Ya miƙo sha uku. Kullum haka yaron nan.

Ba a ɗaure noti ɗaya tamau
alhali 'yan'uwansa ba su zauna ba.
Sai a sa kowa a bakin ƙofarsa, sako-sako,
a girgiza, a lallaɓa, a goga hujin da ya yi gardama,
sannan a bi su, na nan, na can, na nan,
har sifana ta ce ya isa.
Wanda ya ƙara bayan haka, zare ya ci.

Baffale na kan tsohuwar taya da kofin shayi.
Ya ce shekara tara yana tuƙi
ƙasa ba ta taɓa ɗanɗana shi ba,
Dudu ce ta kafe, ba ƙarfe ba tafiya.
Ban tanka ba.
Na naɗe wando zuwa gwiwa, wai don zafi,
ya karanta abin da salansa ta rubuta mini
a kwanar Pitowa, shekarar da Binuwai ta shiga gonaki.
Ya ajiye kofin.

Ƙarfen nan ba ya hana faɗuwa.
Ba ruwansa da yashi, ko akuyar da ta sauya shawara,
ko ramin da ruwa ya lulluɓe.
Hajarsa 'yar kaɗan ce:
tazarar yatsa huɗu
tsakanin injin mai zafi da ƙasa,
inda ƙafa za ta zare kanta ta tashi.

Da na gama na ce, to, mu kwantar da shi.
Ya ce me?
Na ce a ƙasa, kan haƙarƙarinsa, nan gabanka.
Gara ka ji ƙarar yau, kana tsaye,
da ka fara jin ta bayan Waza kai kaɗai.
Ya juya baya kamar za a yi wa ɗansa kaciya.
Ƙarfe ya taɓa tsakuwa, ƙirit.
Tanki bai taɓa ba, madubi bai taɓa ba.
Na ce zura ƙafarka.
Ta shiga har da takalmi, ta fito.
Ya sake zurawa, ba wanda ya sa shi.

Mu uku muka ɗaga shi.
Sajo ya kawo fenti zai rufe ƙujewar,
Baffale ya ce bar ta, Dudu ta gani.
Ya ƙirga jaka takwas ta sefa, bai nemi ragi ba.

Na bi shi da kunne har ya sha kwana,
ina jiran kwaramniya. Shiru, sai injin.
Da yamma ina share faranti na ga washa ɗaya.
Masu kwali sukan ƙara guda, na sani.
Na ƙirga hujin a ka: huɗu, biyar, shida.
Na sake ƙirgawa.
Ban jefa ta gwangwani ba,
tana aljihuna har ya dawo.