Kujera Ta Ɗari Biyu Da Sha Bakwai

Shekara ashirin da biyu ina sintiri a Roubaix,
daga taran dare har mai burodi ya ɗaga ƙyaure.
Na san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa a hankali,
na san wadda sai an sa kafaɗa.
Hular ta bar mini zobe a goshi,
har yau madubi bai daina nuna mini shi ba.

Yanzu ga ni a Paris, bakin kogin Seine,
kan jar kujera mai matse gwiwa.
Suna ce mini mai girma Dufrénoy.
In wani ya doki tebur,
hannuna ya zarce ƙugu neman rediyon da na mayar tuntuni,
sai ya tarar da alƙalami.

Ran Talata aka kawo doka:
awa nawa za a tsare mutum kafin ya ga lauya.
Wani matashi daga layin sama,
wanda takalminsa bai taɓa sanin ruwan kwata ba,
ya ce a ƙara,
yana jero alƙaluma kamar mai ƙirga buhuna.
Aka juyo ana dubana.
Ai tsohon ɗan sanda ne, ya fi kowa so.

Ni kuwa Bastien nake gani.
Shekara sha tara, an ce ya ɗauke babur.
Kwana biyu na ajiye shi a ɗaki marar taga,
na karɓe bel ɗinsa da igiyar takalmi,
ya zauna riƙe da wando da hannu guda.
Bai yi kuka ba.
Tambaya ɗaya ya yi ta nanatawa:
wa zai ba kakarsa maganin dare?
Babur ya ɓulla a garejin ƙanin mai shi.
Na buɗe ƙofa, na miƙa masa igiyarsa,
ban ce yi haƙuri ba.
Ba a koya mana wannan ba.

Minti biyu aka ba ni.
Takardar da Maëlle ta kwana tana rubuta mini
na ninke, na cusa aljihu.
Na ce musu awa ɗaya a bayan ƙofar ƙarfe
ba da agogon bangon nan ake auna ta ba.
Wasu suka tafa, wasu suka yi mini ihu,
tsofaffin abokan aiki suka daina ɗaga wayata.
Da ƙuri'a tara aka kayar da mu.

Na bi jirgin ƙasa na koma gida.
Kasuwar Asabar, rumfar masu kifi,
na hango shi, ya yi jiki, furfura ta fara leƙowa,
ƙaramar yarinya a wuyansa.
Ya gane ni.
Ya karɓi kifinsa, ya ƙirga canji, ya wuce.
Na tsaya da jakar dankali a hannu
ina bin takalminsa da ido,
igiyar a ɗaure tam.