Ranar da Akuya Ta Cinye Turanci

Su talatin da bakwai ne, in zazzaɓi bai riƙe kowa a gida ba.
Ajinmu na cikin lungu, bayan Ƙofar Durɓi,
taga ɗaya ba ta buɗuwa, ɗaya ba ta rufuwa.
Ina shiga sai su miƙe:
"Gud monin, Anti!"
Su ja shi, su ja shi, kamar igiyar guga a rijiyar rani,
har sai na ce a zauna.

Littafin da aka ba ni da tuffa ya fara.
Rumasa'u ta dubi hoton, ta ce tumatir ne.
Ban yi musu ba.
Washegari na zo da goruba cike da leda,
muka ƙirga da bakin Bature,
wan, tu, tiri,
wanda ya kai goma bai yi tuntuɓe ba, ta goman tasa ce.

Akwai harafin da ke fashewa a leɓe,
wanda kakanninmu ba su bar mana gado ba.
Na yaga takarda, kowa ya riƙe a gaban baki,
in ta motsa, an dace.
Huzaifa ya hura har da miyau,
ajin ya kwashe da dariya, ni ma na juya ga allo.

Mu a zamaninmu, in Hausa ta suɓuce maka a aji
sai a rataya maka kwali a wuya, ka yini da shi.
Har yau, in zan yi Turanci gaban manya
ina jin kaikayin zaren nan.
Shi ya sa a ajina, yaron da fitsari ya matsa
ya faɗa da harshen da ya fi kusa.

Sagiru kuwa wata uku bai ce uffan ba.
Kakarsa ke kawo shi.
Fillanci a gida, Hausa a bakin titi,
ni kuma ga ni da na uku, kamar mai talla.
Ido kawai yake bi na da shi.
Na ce ko ina zuba ruwa a kwando ne.

Ran Laraba, ana tsakiyar karatu,
akuyar maigadi ta shigo ba sallama,
ta miƙe wuya ta fizgo kwalin da na kwana ina zanawa,
ta fara tauna haruffa tun daga farko.
Sai murya daga layin baya, siririya, ban san ta ba:
"Got! Got! Go awut!"

Shiru.
Har akuyar ta dakata.

Ya dube ni, ya ƙara da Hausa:
"Anti, ta cinye Turancin."

Na ce bar ta, ta ci takarda.

Da dare na sake yanka kwali a hasken waya.
Ban zana tuffa ba.
Akuyar ta fito kamar jaki, amma za su gane ta.